Tarin Da Ya Ƙi Jin Magani: Ina Gaskiyar Maganar Bitamin D?

Daga Wakilinmu na Arewa, Potiskum

Maganar da na kawo muku yau ta ƙirji ce, kuma da maza nake yi, musamman waɗanda suka ba shekara arba'in baya.

Kowa ya san Potiskum da abu biyu, watau kara da tirela. Karar garin nan tana cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, motocinmu kuwa ba dare ba rana suna kan hanyar Kurmi da shanu da wake da gero. Kowace mota ta tashi tana ɗauke da direba da yaran mota da masu rakiyar dabbobi. Waɗansu su juyo cikin mako guda, waɗansu kuwa su sami wurin zama can, su yi shekara ashirin ko talatin suna gadi, ko tireda, ko shayi, ko tsire. To, cikin waɗanda suka daɗe ɗin nan akwai masu komowa gida da tsarabar da ba kowa ke murna da ita ba, ita ce tari da haki. Sai ka ga namiji bai wuce hamsin ba, amma daga ƙofar gida zuwa bakin titi sai ya tsaya ya huta sau biyu.

Tun daga shekarar 2020, lokacin annobar korona, sunan bitamin D ya shiga bakin mutane. Ana aiko da maganarsa ta waya, ana jera kwalabensa a kemis, har waɗansu suna cewa shi ne maganin ƙirji, wai rashinsa ne ke lalata huhun maza. Ra'ayina a kan wannan gajere ne. Akwai gaskiya a cikin maganar, amma 'yar kaɗan ce, kuma ta shafi mutane ƙalilan. Wanda ya sayi kwalba ya ci gaba da zuƙar hayaƙi, ya yi asarar kuɗinsa, sa'an nan ya yi asarar lokacin da zai je asibiti. Bari in kawo dalilaina.

Wace irin cuta ce?

Huhu kamar itaciya yake mai rassa, iska tana bi ta rassan har ta kai waɗansu 'yan jakunkuna ƙanana, inda jini ke karɓarta. Idan hayaƙi ko ƙura suka daɗe suna shiga, sai rassan su kumbura su ƙuntata, kaki ya cika su, 'yan jakunkunan kuma su yayyage. Daga nan iska ta shiga da ƙyar, fitarta kuwa ta fi wuya. Wannan ita ce cutar toshewar huhu, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD. Alamunta tari mai daɗewa, da kaki musamman da asuba, da shesshekar numfashi, da haki ko da aikin bai kai ya kawo ba. Lokaci lokaci kuma ciwon kan tashi gaba ɗaya, numfashi ya sarƙe, har a kwantar da mutum.

Abin da ya sa cutar ta zama mugu shi ne a hankali take cin mutum, shekara da shekaru, kuma naman huhun da ya lalace ba ya komawa yadda yake. Magani yana sauƙaƙa numfashi, yana rage tashin ciwo, amma ba ya ɗinke abin da ya yage. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 cutar ta kashe mutum miliyan 3.23, ita ce ta uku a jerin masu kisa a duniya a wannan shekara. A nan gida ma an yi awo a Ile-Ife, aka buga sakamakonsa a 2016, inda aka sami toshewar numfashi ga kashi 7.7 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama.

A ƙasashen Turawa taba ce ke kawo fiye da kashi 70 cikin 100 na cutar. A ƙasashe irin namu kuwa taba tana kawo kashi 30 zuwa 40, sauran kuma daga hayaƙin itace da gawayi, da ƙurar wurin sana'a, da gurɓatacciyar iskar gari, da kuma tabon da tarin fuka ke bari a huhu. Ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2012 ta nuna maza 7 cikin 100 suna shan sigari, alhali mata ba su kai 1 cikin 100 ba. Ka ga ke nan ta fuskar taba, kayan namu ne mu maza.

Yanzu sai kowa ya dubi sana'arsa. Mai tsire yana tsaye a kan tukuba daga la'asar har tsakar dare. Mai shayi yana sunkuye a kan risho. Direba da yaronsa suna kwana da kwanaki a layin Apapa ko a Ogere, salansar motar gaba tana busa musu baƙin hayaƙi. Maigadi yana zaune kusa da janareto har gari ya waye, ga maganin sauro mai hayaƙi a gindin ƙafarsa, ga kara a bakinsa don kada barci ya sace shi. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta jawo mutuwar mutum 11,200 a Ikko a shekarar 2018. Mutanenmu na Fatakwal kuwa sun san baƙin tokar da ta fara sauka a garin tun ƙarshen 2016. In mutum ya zo gida hutu da hunturu, sai ya tarar da hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga ƙurar kara, ga ƙaiƙayin sussuka da na injin niƙa. Huhu ɗaya ne dai ke ɗaukar duk wannan.

Shi kuma bitamin D fa?

Bitamin D sinadari ne da fatar mutum ke sarrafawa idan hasken rana ya taɓa ta. Daga fata ya bi jini zuwa hanta, daga hanta zuwa ƙoda, a can ne ake gyara shi ya fara aiki. Babban aikinsa shi ne taimakon hanji ya tsotsi kalsiyam, watau sinadarin da ke gina ƙashi. Yana kuma ƙarfafa tsoka, yana taimakon garkuwar jiki wajen faɗa da ƙwayoyin cuta. Ana samunsa kaɗan a abinci, kamar kifi mai maiƙo irin su titus da sadin, da gwaiduwar ƙwai, da hanta. Likitoci suna auna shi a jini. Idan lambar ta yi ƙasa da 20 sai su ce akwai ƙaranci, idan ta yi ƙasa da 10 kuwa ƙarancin ya yi tsanani.

Wani zai ce, mu da rana ke gasawa a Yobe, ina mu ina ƙarancin abin da rana ke bayarwa kyauta? Gaskiya ne, manomi da makiyayi da ɗan dako da wuya su rasa shi. Amma rana ba ta bin mutum cikin ɗaki. Baƙar fata tana bukatar lokaci mai tsawo a rana fiye da fara kafin ta yi adadin da ake so. Gilashin taga da na mota suna tare irin hasken da ke yin wannan aiki, haka nan tufafi, haka nan hayaƙi mai kauri a sararin gari. Tsufa ma yana rage ƙwazon fata. Saboda haka maigadin da ke aiki da dare ya wuni yana barci a ɗaki marar taga, da ɗan tiredan da ke cikin akurkin shagonsa daga asuba har dare, suna iya rasa shi ko da a tsakiyar Ikko suke.

To, ina haɗinsa da huhu? Ga abin da masu bincike suka gano, bi da bi.

A birnin Boston na Amurka an bi maza 626 ana auna jininsu da numfashinsu daga 1984 zuwa 2003, aka buga sakamakon a 2012. An ga cewa a cikin masu shan taba, waɗanda ke da ƙarancin bitamin D huhunsu ya fi rauni kuma ya fi saurin lalacewa. Amma da aka haɗa mazan duka, masu sha da marasa sha, ba a ga wannan bambanci ba. Watau inda ƙarancin ya yi ɓarna, taba ce ta buɗe masa ƙofa.

A garin Luben na ƙasar Beljiyam, a 2010, likitoci sun sami ƙarancin bitamin D ga kashi 31 cikin 100 na mashaya taba masu lafiyayyen huhu. Ga waɗanda cutar ta yi wa nisa sai adadin ya kai kashi 60, ga waɗanda ta kai matakin ƙarshe kuwa kashi 77. Wannan shi ne irin labarin da masu tallar kwalba ke kamawa. Amma mai hankali sai ya yi tambaya: ƙarancin ne ya kawo ciwon, ko kuwa ciwon ne ya kawo ƙarancin? Mutumin da haki ya hana shi fita ai ɗaki zai zauna. Wanda ya zauna ɗaki ba ya ganin rana. Wanda numfashi ke yi wa wuya ba ya cin abinci sosai. Ka ga ciwon da kansa yana iya jawo ƙarancin. Ganin hanzari da kura wuri guda ba ya nuna wane ne ya riga wani zuwa.

Domin a raba gardama sai aka yi gwaji. A Luben ɗin dai, a 2012, an raba majinyata 182 gida biyu, aka riƙa ba rabi bitamin D mai yawa kowane mako huɗu har shekara guda, sauran kuma aka ba su abin da ya yi kama da shi amma ba magani a ciki. Da shekara ta cika, tashin ciwo bai ragu ga waɗanda suka sha ba. Sai dai a cikinsu akwai mutum 30 masu ƙaranci mai tsanani, su kam an ga sauƙi. A 2019 masana a Landan suka haɗa gwaje-gwaje uku na Ingila da Beljiyam da Holan, majinyata 469, suka sami cewa ga waɗanda lambarsu ke ƙasa da 10 tashin ciwo ya ragu da wajen kashi 45 cikin 100, ga sauran kuwa babu wani amfani. Sa'an nan a 2022 wani gwajin a Holan, kan majinyata 155 masu ƙaranci, bai ga raguwar tashin ciwo ba. A duk gwaje-gwajen nan babu inda huhun da ya lalace ya warke.

Saboda haka shawarar da manyan likitocin huhu na duniya suka tsayar ita ce, idan ciwon ya tashi har aka kwantar da mutum a asibiti, a auna jininsa, in an sami ƙaranci mai tsanani a ba shi bitamin D. Wannan ita ce iyakar gaskiyar maganar. Ga irin wannan majinyaci amfanin yana da yawa, domin zaman ɗaki da ƙwayoyin siteroyid da akan ba masu ciwon suna sa ƙashi ya yi taushi, tsoka ta saki, har ƙaramar faɗuwa ta karya mutum.

Darasin Jos

Muna da darasi a kusa da mu a kan haɗarin ɗauko maganar wata ƙasa a ɗora wa tamu ba tare da awo ba. A Turai, lanƙwashewar ƙafafun yara, wadda ke sa yaro ya yi gwame ko ƙafar baka, an san ta da rashin bitamin D. Amma da likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos suka gwada yara 123 masu wannan ciwo, a binciken da aka buga a 1999, sai suka tarar yaran da aka ba kalsiyam sun fi warkewa bisa waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Abin da yaranmu suka rasa yana cikin kwanon abinci ne, rana kuwa suna samunta. Mazan Boston da na Luben Turawa ne mazauna ƙasashen sanyi, inda rana kan yi rauni watanni da dama a shekara. Abin da ya dame su ba lalle ne ya zama shi ya dami mai rakiyar shanu daga Potiskum ba. Awon jini ne kaɗai zai faɗa.

Kada kuma a ce ai bitamin ne, ko bai yi amfani ba, ba zai yi illa ba. Bitamin D ba ya fita da fitsari da sauri kamar waɗansu, taruwa yake yi a kitsen jiki. In mutum ya daɗe yana shan mai yawa, kalsiyam ya yi yawa a jini, sai tashin zuciya, da ƙishirwa, da yawan fitsari, da tsakuwar ƙoda, har ƙodar ta lalace. Mu mutanen Yobe mun san abin da ciwon ƙoda ya yi wa gidaje, musamman a wajen Gashuwa. Ba mu da ƙodar da za mu yi caca da ita a kan maganar waya. Rana kuwa ba ta yin wannan illa, domin fata tana dainawa da kanta idan jiki ya ƙoshi.

Babban haɗarin da na fi tsoro shi ne na jinkiri. Ba kowane tari mai daɗewa ne toshewar huhu ba. Yana iya zama tarin fuka, wanda Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu shi, kuma ya fi kama maza. Mutum goma a ɗaki ɗaya, kamar yadda yawancin 'yan ci-rani ke kwana, in ɗaya yana da shi ya isa ya rarraba wa sauran, sa'an nan ya zo gida ya ba matarsa da 'ya'yansa. Tarin fuka yana warkewa da maganin wata 6, awonsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, a Kudu da Arewa. Bitamin D ba ya kashe shi, ba ya kuma hana kamuwa da shi. An gwada a ƙasar Mongoliya kan 'yan makaranta fiye da 8,000, aka buga a 2020, ba a ga ya kare su ba. Duk watan da mutum ya ɓata yana shan kwalbar kemis, ƙwayar cutar tana ƙara ɓula huhunsa, kuma ramin da ta bari shi ne kan zama haki na har abada ko bayan an warke.

Abin yi

Na farko, duk tarin da ya kai mako biyu a kai shi asibiti a auna kaki, balle in akwai zazzaɓin dare, ko gumi, ko rama, ko jini. In ba tarin fuka ba ne kuma hakin bai tafi ba, a nemi hoton ƙirji da awon numfashi, wanda mutum ke hura iska cikin wata na'ura. Akwai shi a manyan asibitocin koyarwa. Ku da ke Ikko da Badun da Inugu kun fi na ƙauye kusa da su, kada ku jira sai kun zo gida a kwance.

Na biyu, a bar taba. Babu wani magani a duniya da ya kai wannan wajen rage saurin lalacewar huhu, kuma ko mutum ya shekara talatin yana sha, barin yana da amfani daga ranar da ya bari. Shisha ma taba ce, ruwan da ke cikin tulunta ba ya tace komai na a zo a gani.

Na uku, a rage hayaƙin sana'a gwargwadon iko. Mai tsire ya tsaya ta inda iska ke fitowa. A fitar da janareto waje, nesa da taga. Kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki. Gidan sauro ya fi maganin sauro mai hayaƙi. Direba ya kashe inji in layi ya tsaya. Mai aikin ƙura ya rufe hanci da baki.

Na huɗu, wanda aikinsa na dare ne ko na cikin shago ya riƙa fita rana sau da dama a mako, ya naɗe hannun riga da ƙafar wando, ya yi kamar rabin sa'a. Hasken da ke aikin ya fi ƙarfi daga walaha zuwa azahar, lokacin da inuwar mutum ta fi shi gajarta. In da hali a haɗa da kifi da ƙwai. Mai ciwon ƙirji ma a fito da shi tsakar gida, ya taka gwargwadon ƙarfinsa, domin kwanciya ƙara masa rauni take yi. Ƙwayar bitamin D kuwa a bar wa likita, shi zai ce a sha, shi zai ce nawa.

Akwai kuma magana da ta shafe mu a matsayin jama'a. Dokar hana yaɗuwar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, tireda nawa ce ta mutanenmu a Kurmi ba ta sayar da kara ɗaya ga duk wanda ya miƙo kuɗi? Ribar kara ɗaya ba ta kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba, kuma yaron motar da ka sayar wa yau ɗan wani ne a Potiskum ko Nangere ko Fika.

Ina kira ga Sarakunan Hausawa na Kurmi, da shugabannin kara, da ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci, su nemi ma'aikatan lafiya su riƙa zuwa zango da tasha suna awon tarin fuka. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin kai gawa gida, ai tana iya tara kuɗin motar kai mai tari asibiti tun yana tafiya da ƙafarsa. Gwamnatin Jihar Yobe kuma ya kamata ta tabbatar da na'urar awon numfashi da maganin shaƙa mai rahusa a manyan asibitocinta, tun da nan ne 'ya'yanta ke komowa idan ƙarfi ya ƙare.

Namiji kan ce tari ba ciwo ba ne, sanyi ne kawai, zai wuce. To, iyali suna jiran abin da za ka aiko, amma sun fi bukatar ka dawo kana numfashi. Wanda ke tari ya tafi awo cikin makon nan, wanda ke da maƙwabci mai tari ya raka shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.